Fatalwa a Mararrabar Elmina

A shekarar 1964 aka fara nuna wasan kwaikwayon Ama Ata Aidoo, "The Dilemma of a Ghost", a Jami'ar Gana da ke Legon, aka buga shi a 1965. Marubuciyar ta rasu a 2023, amma tambayar da wasan ya ɗauko ba a gama amsa ta ba.

Ato Yawson, saurayi daga ƙabilar Fante ta bakin teku, ya dawo daga karatu a Amurka da amarya baƙar fata, Eulalie. Da kakarsa ta ji cewa amaryar jikar bayi ce, sai baƙin ciki ya rufe ta: me za ta faɗa wa kakanni in ta tarar da su?

Ginshiƙin wasan wata waƙar yara ce a kan fatalwar da ta tsaya a mararraba, ta rasa ko Elmina za ta nufa ko Cape Coast. Garuruwan nan biyu suna da kurkukun da aka riƙa tsare bayi kafin a zuba su a jirgi. Ginin Elmina kuwa tun 1482 Turawan Fotugal suka kafa shi. Da waƙar nan Aidoo ta ɗaure zamanin cinikin bayi da auren yau. Fatalwar kuma Ato ne. Shi da matarsa suka shirya jinkirta haihuwa, amma ya kasa gaya wa danginsa, har suka ɗauka juya ce.

Wasan yana da rauni. An cika Eulalie da taba da giya da raini, har mai kallo yakan manta marainiya ce mai neman gida. Amma ƙarshensa ya gyara: Esi Kom, uwar miji wadda ba ta shiga aji ba, ta ɗora laifin a kan ɗanta, ta ja surukarta zuwa ɗaki.

Mazaunin Briqueterie a Yawunde ba zai ce labarin nesa ba ne. Kamaru ma tana da Bimbia, inda aka loda bayi. Har yau kuma, in an zo neman aure, akwai gidajen da ake raɗa cewa wane bacucane ne. Wanda ya ƙi suruki don sarƙar da aka sa wa kakansa, ya tambayi kansa: laifin wanda aka sayar ne, ko na wanda ya karɓi kuɗin?