Masu Idon Gane Zinariyar Gaske

A farkon shekarun 1970 wasu tsabar zinariya na dala ashirin na Amurka, masu ɗauke da shekarar 1907, suka bazu a kasuwa. Sun yi kyau har gogaggun dillalai suka saya. Sai da masana suka sa madubin ƙara girma suka hango ɗan ƙaramin harafin Girka, omega, ɓoye a ƙafar gaggafar da ke jiki. Ashe jabu ne, kuma har yau ba a gano maƙerinsu ba.

Waɗannan masana sun cancanci jinjina, domin aikinsu sai mai haƙuri. Fam ɗin zinariya na Ingila nauyinsa giram 7.98 ne, karat 22, amma sikeli kaɗai ba ya raba gardama. Ƙarfen tungsten kusan nauyi ɗaya yake da zinariya, kuma jabu da yawa da aka buga a Lebanon da zinariyar gaske aka yi su. Nan ido ke aiki: a duba gefe, a duba kaifin haruffa, a nemi tabon da injin maƙeri ya bari.

Bayan tantancewa sai ba da maki, daga 1 zuwa 70, bisa ma'aunin da William Sheldon ya kawo a 1949. Kamfanonin PCGS da NGC suna rufe kuɗin cikin roba da makinsa a rubuce, kuma maki ɗaya kan ninka farashi.

Mai shirin taya tsohon kuɗi a gwanjo, ya fara duba lambar shaidar da ke jikin robar a rumbun bayanan kamfanin, domin robar ma ana yin jabunta.