I'itikafi: kwana goma na ajiye hidima

Babu lokacin da birnin Kano ke cika da kai-kawo irin goman ƙarshe na azumi. A Kantin Kwari ba masaka tsinke, teloli sun daina barci saboda ɗinkin salla, magidanci kuwa hankalinsa ya rabu tsakanin zakkar kono da kayan yara. A wannan tsakanin ne wani zai naɗe tabarma, ya ɗauki gidan sauro da Alƙur'aninsa, ya shiga masallaci kafin faɗuwar ranar 20 ga wata, da niyyar ba zai fito ba sai an ga watan Shawwal. Ɗan kasuwar da ya yi haka ya bar cinikin da ya fi kowanne tsoka a shekara, kuma yana sane.

Asalin abin sananne ne. Manzon Allah (SAW) yakan yi i'itikafin kwana goma kowane Ramadan, a shekarar da ya yi wafati kuma ya yi ashirin. Amma wanda ya duba yadda malaman Malikiyya suka tsara hukuncinsa zai ga wani abu da ba a cika ambata a wajen wa'azi ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta sharɗanta azumi da zama a masallaci. Muhtasar na Halil ya ƙara gaba: ya karhanta wa mai i'itikafi ya shagala da karatun ilimi ko rubutu mai yawa, ko da rubutun Alƙur'ani ne, haka nan gaida mara lafiya da sallar gawa. Duk waɗannan ayyukan lada ne, wasu ma a waje an fi son a yi su. An rage masa su ne, aka bar shi da abu uku: salla, zikiri, tilawa.

A ganina nan ne hikimar take. Malaman sun gane cewa ba aikin banza kaɗai ke ɗauke zuciya ba, aikin alheri ma yana iya zama maɓoya. Mutum zai wuni yana hidimar jama'a, ana sa masa albarka, alhali bai zauna da kansa na minti biyar ba ya tambayi inda ya dosa. Idan aka cire masa hidimar, sai abin da ke ƙasa ya taso: bashin da ya ƙi biya, ɗan'uwan da ya yanke wa zumunci, sallolin da ya yi yana lissafin kaya. Masu tasawwufi suna kiran wannan tsaron zuciya muraƙaba, binciken kai kuma muhasaba, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware musu babi guda a Ihya'u. Kwanakin farko sukan yi wa mutum nauyi saboda haka, tunda babu inda zai gudu.

To yaya abin yake yau? Masu shiga sun ƙaru, musamman matasa, har masallatai da dama sai an cike fam an manna hoto saboda tsaro. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai da yawa hayaniyar ba a bakin ƙofa suke barinta ba. Je ka duba inda soket yake, a nan za ka tarar da cunkoso. Ana amsa kiran abokin ciniki a bayan ginshiƙi, ana leƙa WhatsApp tsakanin tarawihi da tahajjud, kuloli na ta shigowa daga gida har buɗa-baki ya koma walima. Bayan sahur kuma a kafa hira, wani lokaci ma musu kan mas'ala, wanda shi ne ya fi saurin cinye dare.

Ba na cewa i'itikafin irin wannan ya ɓaci, hukunci na malamai ne. Amma akwai abin lura a tarihi. Wata shekara Annabi (SAW) ya ga matansa sun kakkafa hemomi a masallaci, ɗaya na bin ɗaya, sai ya fasa i'itikafin wannan watan, ya rama kwana goma a Shawwal. Masu sharhi da dama sun fahimci cewa gudun kishi da gasa ne ya sa. Idan har hema za ta iya jawo haka, ina ga hoton da mutum ya ɗauka a sahun gaba ya watsa wa duniya?

Wanda kuma hidimar iyali ba za ta bar shi ya yi goman ba, a mazhabar Malik yini ɗaya da darensa ya isa a kira shi i'itikafi. Direba ko ma'aikacin asibiti zai iya samun wannan, in ya bar wayar a gida ya gaya wa iyali masallacin da za a same shi idan wani abu ya taso.