Tufafi daga jikin itace

A cikin juzu'i na 11 na littafin mai ɗaukar hoto Edward Curtis kan 'yan asalin Arewacin Amurka, wanda ya fito a 1916, akwai hotunan matan Nuu-chah-nulth na yammacin tsibirin Vancouver a Kanada, mutanen da Turawa suka daɗe suna kira Nootka. Masu kallo kan yaba hasken hoton da natsuwar fuskokin. Ni kuwa mayafin da ke kafaɗunsu ne ke riƙe mini ido, domin ba auduga ba ce, ba kuma ulu ba. Ɓawon itacen sida ne.

Aikin na mata ne, kuma tun daga daji yake farawa. Sai lokacin da ruwan itacen ya tashi, bayan sanyi ya wuce, sannan ɓawo ke saki. Mace za ta tsaga gindin, ta kama bakin, ta riƙa ja da baya har doguwar tsaga ta ɓalle daga can sama. Gefe ɗaya kawai take ɗauka don kada itacen ya mutu. Har yau akwai itatuwa a dazukan da ke ɗauke da wannan tabo, suna raye.

Daga nan sai ta ware ɓawon ciki daga na waje, ta jiƙa shi kwana da kwanaki, ta yi ta bugu da mabugi na ƙashi har ya yi laushi. A nan gwaninta take: bugu ya yi kaɗan mayafin ya kankare fata, ya yi yawa zaren ya tsinke. Ba ta da masaƙa irin wadda muka sani. Rataye zaruruwan take yi a jikin sanda, ta riƙa murɗa zare biyu tana ɗaure su layi-layi da yatsu kawai. Wuyan mayafin kuma akan bi shi da fata mai laushin gashi. A gaɓar da ruwan sama kan haura milimita 3,000 a shekara, irin wannan tufa da malafarta su ne garkuwa.

Curtis dai an san shi da shirya mutane kafin ya ɗauke su hoto, kuma a lokacin mutanen sun daɗe da sa barguna da rigunan kanti. To amma shiri ba ya saƙa mayafi. Sunansa ne a ƙasan kowane hoto, wadda ta yi bugun kuwa sai dai a gan ta a sahun zarenta.