Kuɗi marar cibiya: sharhi a kan takardar Satoshi Nakamoto da abin da ke jan mabiyanta

1. Gabatarwa

Takardar da za mu yi sharhi a kanta ba ta wuce shafi 9 ba. An fitar da ita cikin Ingilishi ranar 31 ga watan Oktoba na 2008, a ƙarƙashin sunan aro na Satoshi Nakamoto, makonni kaɗan bayan rushewar bankin Lehman Brothers a Amurka. Daga cikinta ne kuɗin Bitcoin ya fito. Mu ba masana tattalin arziki ba ne, saboda haka za mu dubi takardar kamar yadda ake duban kowane matani: me ta faɗa, da waɗanne kalmomi, kuma me masu karatu suka ɗora mata wanda ba ta faɗa ba. Dalilinmu shi ne, abin da ke jan mutane ga wannan kuɗi yana da nasaba da kalma ɗaya wadda Ingilishi da Faransanci suka dunƙule, Hausa kuwa ta rarrabe.

2. Abin da takardar ta ƙunsa

Matsalar da marubucin ya tasa a gaba ƙarama ce a baki. Wanda ya miƙa wa mai shago takardar jikka, ta bar hannunsa ke nan, ba ya iya sake kashe ta. Amma kuɗin da ke cikin kwamfuta lambobi ne, lambobi kuwa ana kwafar su. To wa zai hana mutum ya biya mutum biyu da kuɗi ɗaya? A da amsar ita ce banki, mai riƙe da kundi. Nakamoto ya ce a raba kundin ga kowa: kowace na'ura ta riƙe kwafinsa, a riƙa ƙara masa shafi kusan kowane minti 10, kowane shafi a ƙulle da na bayansa ta hanyar lissafi, yadda mai son goge layi ɗaya sai ya sake aikin dukan shafukan da suka biyo baya. Na'urar da ta riga sauran warware lissafin ita ke rubuta shafin, a ba ta sabon kuɗi lada.

Ta fuskar salo, takardar abin yabo ce. Ba ta da kwarmato, ba ta zagin kowa, jimlolinta gajeru ne, kuma ta bayyana sharaɗinta a fili, watau tsarin yana tsaye ne muddin mafi yawan ƙarfin na'urorin yana hannun masu gaskiya. Siyasar a wani wuri aka ajiye ta. A shafin farko na kundin, ranar 3 ga Janairu 2009, an saka kanun labarin jaridar The Times ta London na wannan rana, a kan shirin gwamnatin Ingila na sake ceto bankuna da kuɗin jama'a. Layin nan guda ya yi wa Bitcoin aikin da shafi 9 ba su yi ba.

Wani abin lura: adadin miliyan 21, wanda mabiya ke ambato kamar aya, ba ya cikin takardar. A cikin manhajar yake. Ladan mahaƙa ya fara da 50, ya koma 25 a 2012, 12.5 a 2016, 6.25 a 2020, sannan 3.125 a watan Afrilu na 2024. Haka kuma takardar ta yi maganar kuɗin saye da sayarwa ne, har da ƙananan biyan yau da kullum, alhali kundin ba ya ɗaukar fiye da biya kamar 7 a daƙiƙa guda, kuma akasarin masu riƙe da kuɗin ajiye shi suke yi suna jiran ya tashi. Matanin ya yi alkawarin kuɗin cefane, masu karatu suka karanto zinariya.

3. Amana da yarda

Ginshiƙin takardar shi ne cewa hujjar lissafi za ta maye gurbin abin da Faransanci ke kira « confiance ». Idan muka zo fassara wannan kalma sai mu tarar Hausa ba ta ba mu kalma ɗaya ba. Akwai amana, watau abin da ka danƙa wa wani ya riƙe maka, wanda yake iya cikawa ko ya ci. Akwai yarda, watau amincewa da abu da karɓarsa. Ana cin amana, ba a cin yarda. Ana ba da amana ga mutum takamaimai, yarda kuwa tana iya zama ta gari duka. A ganinmu abin da Nakamoto ya yi nasarar kawarwa amana ce. Yarda tana nan inda take, domin babu lissafin da zai sa mai hatsi ya karɓi lamba ya ba da tiya.

Ɗalibanmu sun san misalin da Ferdinand de Saussure ya kawo a darussansa da aka buga a 1916, inda ya kwatanta darajar kalma da ta tsabar faran 5. Tsabar tana da daraja ne saboda ana musanya ta da abin da ba irinta ba, kamar burodi, kuma ana auna ta da irinta, kamar faran guda. Ƙarfen da ke jikinta ba shi ne darajar ba. Misalin ya zo daidai da mu, tun da faran 5 ita ce dalarmu, sunan dala kuma daga tsohuwar azurfar Turai mai hoton Mariya Tereza aka gaje shi. Kalma ta tsaya, abin da take nufi ya yi ta ƙanƙancewa. Kuɗi da harshe duka yarjejeniya ce ta al'umma, kuma harshe shi ne tsari marar cibiya mafi daɗewa da muka sani: ba wani ofis da ya zartar cewa a ce « ruwa ». Sai dai harshe ba ya sauya ma'ana da kashi 70 cikin 100 a shekara guda. Bitcoin ya yi haka: daga kusan dalar Amurka 69,000 a Nuwamba 2021 ya faɗo ƙasa da 17,000 a Nuwamba 2022, kafin ya zarce 100,000 a Disamba 2024.

Ƙasar Hausa ta taɓa rayuwa da kuɗin da ba sarkin da ya buga shi. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Wuri daga tsibiran Maldib yake fitowa, ba shi da hatimin kowa, kuma lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ana ba da wuri 2,500 a kan dala guda. Abin da ya kashe shi yawa ne: tun daga tsakiyar ƙarni na 19 ƴan kasuwar Jamus suka shiga jibgo wani nau'in wuri mai araha daga Zanzibar, darajarsa ta yi ta zubewa har ɗaukarsa zuwa nesa ya zama asara. Iyakar miliyan 21 magani ce ga wannan ciwo, kuma a nan dole a sara wa mai tsarin. Amma ta rufe ƙofar yawa ne kawai, ta bar ƙofar buƙata a buɗe, kuma ta nan ne iskar ke shigowa.

4. Me ya sa ake binsa duk da haka?

Wanda ya rayu a watan Janairu na 1994 ba ya bukatar dogon bayani. A wani taro a Dakar aka rage darajar sefa da rabi, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, mai albashi da mai adashi suka wayi gari abin hannunsu ya ragu ba tare da an tambaye su ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, takunkumin CEDEAO da UEMOA ya daskarar da kadarorin Nijar a BCEAO har zuwa Fabrairu 2024, samun tsabar kuɗi a bankuna ya yi wuya. Darasin ɗaya ne: kuɗin da ke da cibiya yana da wurin da ake shaƙe shi. Wannan ce hujja mafi ƙarfi ta mabiyan Nakamoto, kuma ba ta raini ba ce.

A Nijeriya an ga haka a aikace. A Oktoba 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, da aka toshe hanyoyin banki na masu tara gudummawa, sai suka koma karɓa da Bitcoin. A Fabrairu 2021 babban bankin ƙasar ya hana bankuna hulɗa da masu wannan ciniki, cinikin ya koma hannu da hannu ta salula, har aka ɗage hanin a Disamba 2023. Naira kuwa ta tashi daga wajen 460 a kan dalar Amurka kafin Yuni 2023 zuwa sama da 1,500 a Fabrairu 2024. A nan sai mu lura da wani abu da ya saɓa wa tatsuniyar. Da yawa daga masu gudun naira ba Bitcoin suke saye ba, USDT suke saye, wanda kamfanin Tether ke fitarwa, yana ɗaure da dalar Amurka, kuma kamfanin yana iya daskarar da asusun mutum, ya ma sha yin haka bisa buƙatar hukumomi. Ashe ba kowa ke gudun cibiya ba; wasu cibiyar gida suke gudu zuwa wata mai nisa wadda suke ganin ta fi ƙarfi.

Gwamnatocin da suka gwada ɗaukarsa ba su daɗe ba. Salbado ta halatta shi a Satumba 2021, ta janye tilascin karɓarsa a Janairu 2025 a cikin yarjejeniya da FMI. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, mai amfani da sefa, ta bi sahu a Afrilu 2022, ta koma baya a 2023.

5. Dawowar dillali

Inda takardar ta fi rauni shi ne yadda ta ɗauki mai shiga tsakani a matsayin nauyi kawai, mai ƙara tsada. Wanda ya karanta binciken Abner Cohen na 1969 a kan Hausawan Sabo a Ibadan, ko na Emmanuel Grégoire na 1986 a kan Alhazan Maraɗi, ya san maigida da dillali ba kamasho kawai suke ci ba. Su ne masu lamuni, su ake kamawa idan kaya sun ɓata, su ke sasanta rigima. A tsarin Nakamoto biya ba ya dawowa; wanda ya aika kuɗi ga lambar da ba ita ba, ba shi da ƙofar da zai yi sallama. Saboda haka mutane suka koma neman wanda zai riƙe musu, watau suka maido amanar da aka kora. Aka kuma ci ta: kasuwar Mt. Gox ta Japan ta rushe a Fabrairu 2014 da Bitcoin kimanin 850,000, FTX ta bi a Nuwamba 2022, aka yanke wa shugabanta Sam Bankman-Fried ɗaurin shekara 25 a Maris 2024. Mabiya kan ce kundin bai taɓa yin ƙarya ba, mutane ne suka yi. Gaskiya ne, amma wanda ya yi asara bai ga bambancin ba.

Wanda ya ƙi dillali kuwa, sai ya riƙe mabuɗinsa da kansa, kuma a nan batun ya faɗo cikin fagenmu sosai. Mabuɗin alaben mutum jerin kalmomi ne 12 ko 24, waɗanda na'ura ke zaɓowa daga ƙamus mai kalma 2,048. Mai kalmomin shi ne mai dukiyar. In ya manta su ta tafi, in wani ya ji su ta zama tasa, in ya rasu bai faɗa wa kowa ba magada ba su da abin rabawa, ko da alƙali ya yi hukunci. Akwai jerin Ingilishi, da na Faransanci, da na Sifaniyanci, da na Japananci da wasu kaɗan. Babu na Hausa. Ɗan kasuwar Damagaram ko na Tawa wanda ke riƙe bashin mutum 50 a ka, bai kuwa yi lakwal ba, an ce masa ya zama bankin kansa da kalmomin da ba ya iya furtawa. Haɗa irin wannan jeri da Hausa aiki ne mai yiwuwa, sai dai yana da sharuɗɗa: a kauce wa kalmomin da karin sauti ko tsawon wasali kaɗai ke rarrabewa, tun da rubutunmu ba ya nuna su, kamar gari na mazauni da gari na tuwo, a yanke shawara a kan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda ba kowace salula ke da su ba, a kuma zaɓi kalmomin da Bakano da Ba'adare za su rubuta iri ɗaya.