Ma'aunin Rosenberg a Boɗinga da Shagari: Ƙimar Kai Yake Aunawa ko Kunya?

Duk ɗalibin jami'a da ya so auna yadda matasa ke ganin ƙimar kansu, da wuya bai ɗauko ma'aunin Rosenberg ba. Jimloli 10 ne kacal, biyar na yabon kai, biyar na kushe kai. Yaro zai zaɓi ko ya yarda ƙwarai, ya yarda, bai yarda ba, ko bai yarda ba sam. A haɗa maki daga 0 zuwa 30, wanda ya gaza 15 a ce ba ya ganin kansa da daraja. Sauƙinsa ya sa ya karaɗe duniya. To amma idan aka raba takardar nan a sakandaren Boɗinga ko ta Shagari, me makin zai nuna mana?

Morris Rosenberg ya fitar da ma'aunin ne a 1965, bayan ya gwada shi a kan ɗalibai 5,024 na makarantu 10 a jihar New York ta Amurka. Can ana koya wa yaro ya faɗi bajintarsa da bakinsa. Mu kuwa cewa muke yi yabon kai jahilci.

Ba a cewa ma'aunin aikin banza ne. A Biyetnam an gwada ɗaliban sakandare 1,149 a birnin Can Tho, aka wallafa sakamakon a 2019. Kashi 19.4 cikin 100 sun sami maki ƙasa, kuma a cikinsu aka fi samun fargaba da ciwon damuwa da tunanin kashe kai. Ka ga ke nan batun rai ne, dole awon ya zama daidai.

Shakku ya taso ne daga kwatanta ƙasashe. A binciken da David Schmitt da Jüri Allik suka wallafa a 2005, an raba ma'aunin cikin harsuna 28 a ƙasashe 53, ga mutum kusan 17,000. Japan ce ta zo ƙarshe. Shin Japanawa sun fi kowa raina kansu ne, ko kuwa tawali'u ne ya hana su cika baki? Binciken ya kuma nuna cewa jimlolin kushe kai ba fahimta ɗaya ake yi musu a ko'ina ba, musamman ta 8, wadda ke magana kan fatan mutum ya ƙara mutunta kansa. Rosenberg ya ɗauki wannan fata alamar rauni. A wasu ƙasashen kuwa buri ne na mutumin kirki.

Yanzu mu dawo gida. Wace kalma ma za a sa a kan takardar? In ka ce “ji da kai” ko “girman kai”, aibi ka ambata. “Yarda da kai” kuma wani abu ne daban. Akwai jimlar da ke tambayar ko mutum na da abin alfahari. Yarinyar da ta tashi tana jin malamin Islamiyya na cewa alfahari ba hali ne mai kyau ba, me kake zaton za ta zaɓa? Wata jimlar na so ta ce tana da halaye nagari masu yawa. Ko da ita ke ɗaukar na ɗaya a aji, kunya za ta sa ta rage. A gidajen Fulani, inda pulaku ya ɗora kunya da kawaici sama da komai, abin ya fi haka.

Kuskuren na iya juyawa ta ɗaya gefen, kuma nan ne ya fi haɗari. Ka tambayi yaro ko ya gamsu da kansa, zai ce Alhamdu lillahi, ko da ya kwana yana kuka. Ka ce ya yarda cewa wani lokaci ba shi da amfani, zai ga kamar ya yi wa Allah butulci, ko ya yi wa kansa mugun baki. Sai mai lafiya ya faɗo ƙasa, mai buƙatar taimako ya haye da maki mai kyau. Idan da wannan sakamako za a tsara shirin tallafa wa 'yan mata, an yi shuka a idon makwarwa.

Akwai kuma abin da ma'aunin bai taɓo ba. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa halaye 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kusan duk a mu'amala da mutane ake ganinsu. Matashi a Shagari ya fi jin shi wani ne ranar da mahaifinsa ya damƙa masa kuɗin cinikin kasuwa ba tare da ya ƙirga ba, ko ranar da aka sa masa albarka. Jimlolin Rosenberg duk “ni” ne da “kaina”.

To ina mafita? Mai bincike, ko daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake ko daga wata ƙungiya, ya fara da fassara zuwa Hausar da yaran ke yi, Sakkwatanci, sannan wani daban ya mayar da ita Turanci a ga abin da ya zube a hanya. Ya zauna da yara kaɗan, ɗaya bayan ɗaya, ya karanta kowace jimla ya ce, “Me kika fahimta a nan?” Mace ta tambayi mata, kuma kada malamin aji ya tsaya a kansu. Kada a ɗauko iyakar maki 15 haka kawai, sai an gwada ta da hirar masanin lafiyar ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke asibitin Kware. A ƙara tambayoyi kan amana da mutunci, a duba ko suna tafiya tare da na asali.

Kafin a yi wannan, idan ka ga rahoto yana cewa kaso kaza na 'yan matan karkarar Sakkwato ba sa ganin ƙimar kansu, ka tambaya: da wane harshe aka tambaye su, kuma wa ke tsaye a gabansu lokacin da suke amsawa?