Wa Ya Cika Kai Ƙara? Sharhi a Kan Dokar Diyyar Haɗarin Hanya

Duk lokacin da aka tashi taƙaita wa mutane hanyar zuwa kotu, da magana ɗaya ake farawa: wai jama'a sun cika kai ƙara, wai abu kaɗan sai neman diyya. Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa ba a cika tsayawa a tambayi su wane ne masu yawan ƙarar ba. Ni ɗalibin ilimin harshe ne, ba lauya ba, kuma a Kara-Kara na tashi. Abin da nake so in duba shi ne dokar da ake biyan diyyar haɗarin mota da ita a Nijar, da kalmomin da muke naɗe ta da su.

Dokar ba a Yamai aka rubuta ta ba. Ranar 10 ga Yuli 1992, a Yawunde ta Kamaru, ƙasashen Afirka masu kuɗin sefa suka sa hannu a yarjejeniyar da ta kafa CIMA, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, wato asirans kamar yadda muke cewa a gari. Kundinta ya fara aiki a 1995. Dalilin da aka bayar a lokacin ba ƙarya ba ne. Kamfanoni da yawa suna durƙushewa, alƙalai kuma kowa da irin nasa ma'auni: rauni iri ɗaya, wannan ya yanke kaɗan, wancan ya yanke mai yawa. Sai kundin ya zo da magani biyu. Na farko, ya tsara jadawalin diyya, ya sa mata iyakar da alƙali ba zai wuce ba. Na biyu, ya ce wanda ya ji rauni ba zai tafi kotu kai tsaye ba, sai ya jira kamfani ya yi masa tayi, kuma a wancan lokacin wa'adin tayin yana iya kai wata 12.

A faɗi gaskiya, akwai alheri a ciki. Mai tafiya a ƙasa da mota ta buge yana da haƙƙin diyya ko da shi ya yi sakaci wajen tsallaka titi, sai fa in da gangan ya jefa kansa. Wannan an kwaikwayo shi daga dokar Faransa ta 5 ga Yuli 1985, wadda ake kira dokar Badinter. Amma ga inda gizo ke saƙar: dokar ta Faransa ba ta sa wa diyya rufi ba, ƙa'idarsu ita ce a biya ɓarna gaba ɗayanta. Mu aka ɗauko mana tsarin tayin, aka ɗora mana rufin a kai.

Da me ake auna rufin? Da SMIG, wato mafi ƙarancin albashi. A Nijar ya daɗe a kan sefa 30.047 a wata, kafin a ɗaga shi zuwa 42.000 a farkon 2024. Wanda ba ya iya nuna shaidar abin da yake samu, da wannan adadin ake yi masa lissafi. To a Kara-Kara wa ke da takardar albashi? Mai fasa dutse, ko ɗan kabu-kabu, ko mai tuyar ƙosai? Mutum yana ciyar da baki takwas da ƙarfin hannunsa, ranar da hannun ya karye sai takarda ta ce jika 42 ne darajar watansa. Ma'aikacin banki da aka buge tare da shi a titi ɗaya, da mota ɗaya, lissafinsa daban ne. Diyyar rai da malamanmu ke karantarwa a fiƙihun Malikiyya, raƙuma 100, ba ta tambayar albashin mamaci. Ba ina cewa a koma ga raƙuma ba, ina nuna cewa akwai wani ma'auni da mutanen Damagaram suka sani wanda bai fara da aljihu ba.

Yanzu mu zo ga harshe, nan ne fagena. Yarjejeniyar da ake sa wa hannu tsakanin kamfani da mai rauni, Faransanci na kiranta transaction. In aka tashi fassara wa talaka sai a ce masa sulhu. Kalmomin nan biyu ba ɗaya ba ne. Sulhu a wurinmu zama ne gaban mai unguwa ko liman, wani lokaci har fadar Sarkin Damagaram: kowa ya faɗi nasa, dattawa su auna, a yi addu'a a watse, gobe kuma a haɗu a kasuwa. Waccan kuwa takarda ce da ɓangare ɗaya ya rubuta, da harshen da ɗaya ɓangaren ba ya ji, kuma sa hannunka a kanta rufe ƙofar kotu ne. Kundin ya ba mutum kwana 15 ya janye in an saɓa wa dokar, amma ta hanyar wasiƙa mai rajista. Don Allah a dubi wannan: mutumin da ya dangwala yatsa saboda bai iya rubutu ba, shi ake jira ya gano an saɓa wa wani sashe na kundi, ya rubuta wasiƙa da Faransanci, ya kai gidan waya cikin mako biyu, ƙafa na cikin filasta.

Kuma ba takardar kaɗai ke tare hanya ba, bakinmu ma yana taimaka mata. A Hausa kalma ɗaya ce ke nufin kai kuka gaban alƙali da kuma amo mai damun kunne: ƙara. Mai ƙara tun daga sunansa ya zama mai hayaniya. Mukan ce "mota ta buge shi", sai motar ta zama mai aikin, direban da ke gudu ya ɓace daga jimlar. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wanda ya karɓi diyyar ɗansa a ce ya ci kuɗin jini. Wanda ya ce "na yafe" a yaba masa, ba a tambaya ko yafewar zuciya ce ko ta rashin kuɗin aboka. Na sha jin dattijai suna ce wa mace da aka kashe wa miji: "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, shari'a saɓanin hankali." Haƙuri abu ne mai kyau, ba ni da ja. Sai dai na lura kusan kullum mai ƙaramin ƙarfi ake roƙo ya yi shi.

Irin wannan magana ta yawan ƙara, Amurka ce gidanta, kuma labarin da suka fi kafa hujja da shi ya cancanci a sake dubawa. A 1992 wata tsohuwa mai shekara 79, Stella Liebeck, kofin McDonald's ya zube mata a cinya a garin Albuquerque. Duniya ta yi ta dariya: wai ta zuba wa kanta kofi ta samu miliyoyi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ta kwana 8 a asibiti, har da dashen fata. Da farko dalar Amurka 20.000 ta nema, kamfanin ya yi mata tayin 800. A kotu aka nuna cewa an riga an kai masa koke sama da 700 kan ƙuna. Miliyan 2,7 da masu taya alƙali hukunci suka yanke a 1994 don ladabtar da kamfanin, alƙali ya rage su zuwa 480.000. Ko a can ke nan, ƙarar da aka mayar abin ba'a ba ta banza ba ce. Ina ga nan?

Domin a nan, kafin ma a kai ga rufin diyya, sai an tsallake shingaye da yawa. Sai ƴan sanda ko jandarma sun yi konsta. Sai likita ya ba da takardar rauni. Sai takardar haihuwa, wadda ba kowa ke da ita ba. Sai kuma abin hawan da ya yi ɓarnar ya kasance yana da asirans, alhali kowa ya san yadda baburan gari suke. In babu, tsarin tayin gaba ɗaya bai ma tashi ba, saura kai da wani talaka ɗan'uwanka da ba ya da abin biya. Fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021, ya nuna wa duniya samarin unguwarmu da tabo a jiki, da kurkuku, da fasa dutse. Unguwar da aka ware wa kutare tun asali ta san kotu sarai, amma a matsayin wadda ake tuhuma. Da wuya ka ga ɗan Kara-Kara ya shiga can shi ne mai nema.

Ba ina kiran a rushe kundin ba. Kamfanin da ya karye ba ya biyan kowa, wannan gaskiya ce. Abin da nake cewa shi ne maganin da aka haɗa don yawan ƙara an ɗura wa waɗanda ciwonsu rashin isa kotu ne. Akwai gyaran da ba ya bukatar a jira ƙasashe 14 su zauna. Kundin Refondation na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To a fara daga nan: kowane tayin diyya a karanta wa mai rauni shi da harshensa, gaban shaidar da shi ya zaɓa, a gaya masa ƙarara cewa sa hannu rufe ƙara ne, kuma yana da kwana 15. A karɓi shaidar mai unguwa da ta abokan sana'a kan abin da mutum ke samu, tunda takardar albashi ta ƴan kaɗan ce.

Mu kuma masu riƙe alƙalami, namu aikin ya fi kusa. In za mu fassara, kada mu kira takardar kamfani sulhu. In za mu rubuta labari, mu bar direba a cikin jimla. In maƙwabciya ta ce za ta nemi haƙƙin marayunta, kafin mu ce mata ta yi haƙuri, mu tambaye ta ko tana da wanda zai karanta mata takardun.