Masassaƙan Haƙoran Yara

Akwai yaran da haƙoransu ke fitowa ba tare da farin ɓawon nan mai tauri da ke lulluɓe haƙori ba. Gado ne daga iyaye, ba shan zaƙi ko ƙyuyar goge baki ba. Haƙorin yakan fito ruwan ƙasa, yana marmashewa, ruwan sanyi na taɓa shi yaro ya zabura. A makaranta kuwa sai ya koyi dariya baki a rufe. Likitoci na kiran wannan lalura amelogenesis imperfecta. A arewacin Suwidin ta kai mutum 1 cikin 700, a Amurka kusan 1 cikin 14,000.

Maganin shi ne a sa wa haƙorin hula, irin ta haƙorin Makka, sai dai wannan fara ce. A da, kafin a auna, sai an cika wa yaro baki da wani kwaɓi ya ciza, yana kakarin amai har ya daskare. Yanzu 'yar kyamara mai kama da buroshi ake zagayawa da ita a baki, cikin 'yan mintuna siffar haƙora da dasashi ta bayyana a kwamfuta. A nan ake zana hular, na'ura ta sassaƙo ta daga dunƙulen tangaran ko roba mai ƙarfi. A Jami'ar Zurik, Werner Mörmann da Marco Brandestini suka ƙera irin wannan na'ura mai suna CEREC, aka gwada ta a bakin majiyyaci a 1985.

Amma ni ba na'urar ce ke burge ni ba, hannun likitan ne. Kafin a sa hula akan fiƙe haƙorin, ga shi jijiyar haƙorin yaro babba ce, tana kusa da sama. Fiƙewa kaɗan ta wuce kima, an taɓa ta. Gwani yakan kankare abin da bai kai kaurin farce ba, wani lokacin ma ba ya kankare komai. Ga shi kuma bakin da yake wa aiki bai tsaya ba: yaro na famfara, muƙamuƙi na girma, dasashi na ja da baya. Dole ya zana hula yana hasashen bakin da zai zo bayan shekara biyar, ya daidaita cizo yadda turame za su haɗu. Shi ya sa ƙanana ake fara yi musu ta roba, mai karɓar gyara, a bar tangaran sai sun tasa. Hoton farko yana nan ajiye a kwamfuta, duk zuwan yaro a ɗora sabo a kansa a ga inda ya zaizaye.